Inda Za a Rataye Suna

Babana Barmo baduku ne.
Shekara arba'in yana ɗinka fatar jar akuya
a wata 'yar rumfa cikin Bagalam.
Wanda ya san shi, ya san shi,
wanda bai sani ba ya wuce da kuɗinsa.

Da na gama karatu na ce,
Baba, bari in kai ka intanet.
Ya ce, a motar wa?

Na gina mana rumfa a can,
na jera jakunkuna da takalma da kuben wuƙa,
na zauna ina jiran sallama.
Shiru kake ji.
Ashe injin bincike baƙo ne mai wuyar sha'ani,
ba ya ɗaukar yabon da ka yi wa kanka,
sai ya zaga yana tambaya:
wa ya san wannan? A bakin wa aka ji shi?

Wani yaro a siber, Ɗan Tambai,
ya ce, kawo jikka goma,
kafin la'asar sunanku na cikin kundi dubu.
Na ƙirga na ba shi,
kuɗin da na ɓoye don gyaran salulata.

Washegari na leƙa ɗaya.
Ga sunan Baba tsakanin 'yan caca
da mai maganin ƙarfin maza,
an rubuta Barno,
an ɗauke Maradi an kai ta wata ƙasa.
Na leƙa na biyu, kango.
Na uku ma ƙofar ba ta buɗuwa.
A jerin bincike kuwa muka ƙara nutsewa
kamar guga da igiya ta tsinke.

Na faɗa wa Baba ina sunkuyar da kai.
Bai ajiye basilla ba.
Ya ce, Sahura, lokacin da muke karɓar bashin fata
wajen majema na bakin gulbi,
ba a ce kawo mutum ɗari su tsaya maka,
mutum guda ake nema, mai jin kunyar ƙarya.

Sai na sayo littafi mai bango shuɗi.
In wuta ta dawo da dare
in zauna in bi su ɗaya-ɗaya.
Wanda ke karɓar kowa ba tambaya, na ja layi.
Wanda ya fara da farashi kafin gaisuwa, na ja layi.
Nakan zaɓi lamba uku cikin kowane kundi in kira.
Wata ta shiga, wata tsohuwa ta ce
mai shagon ya rasu tun bara waccan.
Na yi mata ta'aziyya,
na ja layi.

Akwai wanda ya riƙe ni kwana tara,
ya ce sai na turo hoton ƙofar rumfa,
har ya kira ya ji muryar Baba.
Ban taɓa jin daɗin jan rai irin wannan ba.
Gidan da ke da mai gadi
shi ake barin kaya a ciki.

Cikin talatin da bakwai, huɗu suka rage:
na masu sana'ar hannu,
na 'yan kasuwar gari,
da biyu da matafiya ke dubawa.
Na rubuta suna iri ɗaya, unguwa iri ɗaya,
ko ɗigo ban bari ya bambanta ba,
kamar yadda Baba ke buga tambarinsa a gindin jaka.

Damina ta zo ta wuce.
Har yau ba mu ne a sama ba,
akwai mutum biyar a gabanmu.
Amma ran Talata wata mata ta kira daga Agadas,
jaka goma sha biyu take so, masu tunku.
Baba ya goge hannu a riga, ya karɓi wayar,
ya riƙe ta nesa da kunne,
ya ce, baiwar Allah, wa ya kwatanta miki ni?